Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Yawon Buɗe Ido a Unguwannin Masu Sana'a na Manyan Biranen Indiya

Jawabin da baƙo mai jawabi ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya



 Batun da zan yi magana a kai shi ne wani irin yawon buɗe ido da ya bunƙasa a manyan biranen ƙasar Indiya, inda ɗan jagora ke ɗaukar baƙi ya shiga da su lunguna a ƙafa domin su ga yadda talakan birni ke neman abincinsa. Zan bayyana yadda abin ya faro da abin da ake nuna wa baƙo, sa'annan in kawo sukar da ake yi masa, wadda ba ta wasa ba ce, daga ƙarshe kuma in faɗi inda ra'ayina ya tsaya.

Gabatarwa

Kusan duk wanda ke zaune a wannan zaure ya san Indiya, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba. Mun san ta tun zamanin da ake cika gidajen silima domin kallon finafinanta, inda muka saba ganin lambuna masu furanni da duwatsun Kashmir da manyan gidajen attajirai. Daga baya wasunmu sun je can neman magani, wasu karatu, wasu kuma sarin kaya. Amma galibi abin da mai irin wannan tafiya ke gani bai wuce filin jirgin sama da masauki da asibiti ko kasuwar da ta kai shi ba. In ya sami sarari ya leƙa Taj Mahal a birnin Agra, ya ɗauki hoto, ya kamo hanyar gida.

To, akwai wata Indiyar da ba a cika nunawa ba, alhali ita ke ɗauke da wadda ake nunawa. Ita ce ta mai wankin da ya wanke zanen gadon da baƙo ya kwanta a kai a otal, da matar da ta gyara kifin da aka soya masa, da badukun da ya ɗinka jakar da ya saya a kanti. Cikin shekaru 20 da suka wuce an sami kamfanoni da ƙungiyoyi da suka mai da kai baƙi unguwannin waɗannan mutane sana'arsu. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, wannan yawo yana da amfani matuƙar aikin hannun mutane ake kai baƙo ya gani, kuma mutanen unguwar ne ke riƙe da linzami. Duk inda aka rasa waɗannan sharuɗɗa biyu, abin ya koma kallon talaucin wasu domin nishaɗin wasu.

Yadda Dharavi ta sami kanta a tsakiyar birni

Bari mu fara da Mumbai, wato birnin da aka sani da Bombay kafin a sauya masa suna a 1995, domin a nan ne wannan harka ta fi ƙarfi. Asalin wurin tsibirai ne guda 7 da masunta 'yan ƙabilar Koli ke zaune a kansu. A 1661 Turawan Fotugal suka miƙa su ga Sarkin Ingila Charles na Biyu a cikin garar gimbiyarsu da ya aura, shi kuma a 1668 ya ba da hayarsu ga kamfanin East India a kan fam 10 a shekara. Sannu a hankali aka cike ruwan da ke tsakanin tsibiran har suka zama ƙasa ɗaya. A 1853 jirgin ƙasa na farko mai ɗaukar fasinja a Indiya ya tashi daga nan zuwa garin Thane, tafiyar kilomita 34. Da masaƙu da tashar jiragen ruwa suka kankama, sai jama'a suka riƙa kwararowa daga ƙauyuka, gidaje kuwa ba su taɓa isar su ba. Ƙidayar 2011 ta nuna birnin yana da mutum fiye da miliyan 12, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 nasu suna zaune ne a unguwannin marasa galihu.

Mafi shahara cikin waɗannan unguwanni ita ce Dharavi. Da can ƙauyen masunta ce a bakin fadama, a wajen gari. A ƙarshen ƙarni na 19 hukumomi suka riƙa korar sana'o'i masu wari da hayaƙi daga cikin birni, sai majema, waɗanda da yawansu daga ƙasar Tamil ta kudu suka fito, suka tare a can. Maginan tukwane daga yankin Saurashtra na jihar Gujarat suka sami nasu gefen, masu aikin surfani daga Uttar Pradesh su ma suka biyo baya. Birni ya ci gaba da faɗaɗa zuwa arewa har ya tsallake su, ta yadda wurin da aka wurga su saboda yana bayan gari yau ya zama cibiya. Dharavi tana tsakanin manyan layukan dogo biyu na birnin, kuma kogin Mithi ne kawai ya raba ta da unguwar Bandra Kurla, inda manyan bankuna da kasuwar hannayen jari ta ƙasa suke. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Faɗin unguwar ya ɗan haura murabba'in kilomita 2, amma ƙiyasin mazaunanta ya kama daga mutum 700,000 zuwa miliyan 1. Ana ƙiyasta cewa akwai masana'antu masu ɗaki ɗaya kimanin 15,000 a cikinta, kuma wasu ƙiyasce-ƙiyascen sun kai kuɗin da ake juyawa a nan zuwa dala biliyan 1 a shekara.

Abin da ake nuna wa baƙo

A 2005 wani Baturen Ingila mai suna Chris Way da wani Ba'indiye mai suna Krishna Pujari suka kafa kamfanin Reality Tours and Travel, suka kuma fara kai baƙi Dharavi a 2006. Sun ɗauko dabarar ne daga irin yawon da ake yi a unguwannin talakawa na birnin Rio de Janeiro a Brazil. Ƙa'idojin da suka gindaya su ne, ayari kada ya wuce mutum 6, kuma ba a ɗaukar hoto. Kamfanin ya ce kashi 80 cikin 100 na ribarsa bayan haraji yana zuwa ne ga ƙungiyar Reality Gives, wadda aka kafa a 2009 domin koyar da yara da matasan unguwar, musamman Turanci da kwamfuta. Daga baya wasu ɗalibai 'yan asalin Dharavi suka kafa nasu kamfanonin, suna biyan kuɗin karatunsu da abin da suka samu na jagoranci.

Yawon yakan ɗauki kamar awa biyu da rabi. Galibi ana haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Mahim, a haye gadar masu tafiya a ƙafa, a sauka a sashen da ake kira 13th Compound, wato matattarar 'yan jari-bola. A nan ake sauke tsofaffin robobi na birnin, daga gorar ruwa zuwa kwanson kwamfuta da kujerun da suka karye. Ma'aikata na zaune a ƙasa suna ware su da hannu bisa launi da irin robar, sai a niƙa, a wanke, a shanya a kan rufin ɗakuna, a narkar, a mai da su ƙananan ƙwayoyi da masana'antu za su saya. Injinan niƙan ma a cikin unguwar ake ƙera su. Gaba kaɗan ana narkar da gwangwanayen alminiyam, ana ƙone ragowar fenti daga tsofaffin garewani a buge lanƙwasarsu a sake sayar da su. Akwai marina masu buga zane a kan yadi, da teloli jere a kan kekuna suna ɗinka riguna da wanduna na sari.

Daga nan sai a shiga wajen dukawa. Yawancin aikin jima an fitar da shi daga unguwar, amma gyaran fata da ɗinkin jakunkuna da bel da riguna suna nan, kuma kayan suna kaiwa har ƙasashen waje. Sai gidajen burodi da ke gasa biskit ɗin da ake shan shayi da shi a duk faɗin birnin. A filin da rana ke samun shiga, za a tarar da mata suna murza wata 'yar waina mai faɗi, siririya kamar takarda, da ake kira papad, suna shanya ta a bayan manyan kwanduna. Da yawansu suna yi wa ƙungiyar Lijjat aiki ne, wadda mata 7 suka fara a Mumbai a 1959 da rancen rupi 80, ta kuma zama ƙungiyar dubban mata da ke raba riba a tsakaninsu.

Kafin a ƙare, ɗan jagora yakan bi da baƙi ta wasu lunguna na gidajen kwana inda kafaɗun mutum ke gogar bango dama da hagu, rana ba ta shiga, wayoyin lantarki na rataye daidai kai. Daga cikin wannan duhu sai a ɓulla Kumbharwada, unguwar maginan tukwane, inda zuriyar waɗancan mutanen Gujarat ke kwaɓa yumɓu a ƙofar gida, matoya na hayaƙi a tsakanin ɗakuna, ana jera randuna da ƙananan fitilun ƙasa na bikin Diwali. Wanda ya shiga da tunanin zai ga mabarata yakan fito yana mamakin cewa da ƙyar ya ga mutum a zaune ba ya komai.

Mumbai kafin gari ya waye

Dharavi ba ita kaɗai ake kai baƙi ba. Akwai yawon da ake farawa tun da asuba domin a ga yadda birnin ke tashi daga barci. Ana zuwa Sassoon Dock, tashar da aka gina a 1875, inda jiragen masunta ke sauke kamun dare, matan Koli kuma su ne ke riƙe da cinikin kifin, wasu matan na tsugune suna ɓare jatan lande. Ana tsayawa a gefen babbar tashar jirgin ƙasa a ga masu rarraba jaridu suna ware su a bakin titi cikin harsuna daban-daban, sa'annan a wuce kasuwar furanni ta Dadar.

Da hantsi sai Dhobi Ghat da ke kusa da tashar Mahalaxmi, wurin wanki a fili da aka gina a 1890. Akwai kwamin siminti fiye da 700 a jere, kowanne da dutsen bugun kaya, kuma sana'ar gado ce ga iyalan da ke wurin. Otal-otal da asibitoci da masu ɗinkin sari ne manyan abokan cinikinsu. Suna shanya ba tare da maƙalli ba, ta hanyar murɗa igiya biyu su soka bakin tufa a tsakani, kuma kowane kaya na da 'yar alamar da ke nuna mai shi. Yau injinan wanki sun shiga wurin, amma bugu a kan dutse bai ƙare ba.

Wajen ƙarfe 11 da rabi kuwa ana kai baƙi ƙofar tashar Churchgate domin su ga masu dakon abincin rana da ake kira dabbawala. Wannan sana'a ta faro ne a 1890. Ma'aikacin ofis yana barin gida da sassafe cikin jirgin da ba masaka tsinke, don haka ba zai iya riƙe kwanon abinci ba. Bayan an gama girki sai dabbawala ya zo a kan keke ya karɓi kwanon, ya kai tasha, a ware kwanukan bisa inda za su, a loda su a taragon kaya, wasu su karɓa a ɗaya gefen su kai har teburin mai shi kafin ƙarfe 1, da yamma kuma kwanon ya koma gida ta hanyar da ya zo. Lambobi da haruffa da launukan da aka shafa a murfin su ne adireshin. Kafin 2020 mutum kimanin 5,000 ne ke kai kwano kusan 200,000 a kullum, yawancinsu 'yan ƙauyukan yankin Pune masu ƙaramin karatu, kuma da wuya kwano ya ɓata. Yarima Charles na Ingila, wanda yanzu shi ne sarki, ya ziyarce su a 2003, ya kuma gayyaci biyu daga cikinsu bikin aurensa a 2005. A 2010 makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar Harvard ta mai da tsarinsu darasin da ake koya wa ɗalibanta.

Delhi da Kolkata

A Delhi, babban birnin ƙasar, akwai misalin da ya fi burge ni. A 1988 Mira Nair ta fitar da fim ɗin Salaam Bombay a kan yaran da ke kwana a titi, aka kuma yi amfani da kuɗin da ya kawo wajen kafa gidauniyar Salaam Baalak Trust. Daga cikin ayyukan gidauniyar akwai wani yawo na kamar awa 2 a lungunan Paharganj da kewayen tashar jirgin ƙasa ta New Delhi, wadda ita ce mashigar yaran da suka gudo daga gida ko suka ɓace wa iyayensu. 'Yan jagorar su ne waɗannan yaran bayan sun girma. An koya musu Turanci da yadda ake magana a gaban jama'a, kuma labarin da suke bayarwa nasu ne: inda suka kwana, yadda suka tsinci gorunan ruwa a taragai suka sayar, da yadda suka fita daga wannan rayuwa. A nan wanda a da ake nunawa da yatsa shi ne ke tafe a gaba yana bayani.

A tsohon birnin Delhi, wanda Sarki Shah Jahan ya gina a ƙarni na 17, ana zagayawa da baƙi layin maƙeran azurfa na Dariba Kalan, da Chawri Bazar ta masu takarda da katin biki, da Khari Baoli, babbar kasuwar sarin kayan yaji, inda 'yan dako ke hawa bene da buhunan barkono, baƙo kuwa atishawa ba ta barin sa ya yi tambaya.

A Kolkata, wadda ta kasance hedikwatar mulkin Ingila a Indiya har zuwa 1911, ana kai baƙi kasuwar furanni ta Mallick Ghat a ƙarƙashin gadar Howrah da aka buɗe a 1943, da layin masu sayar da littattafai na College Street, da kuma Kumartuli. A wannan unguwa ta ƙarshe magina ke ɗaura gora da ciyawa, su shafe da laka daga kogin Hooghly, su fitar da manyan mutum-mutumi na bikin Durga na mabiya addinin Hindu, waɗanda a ƙarshen bikin ake mayarwa cikin kogin. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan biki na Kolkata cikin al'adun da duniya ta gada.

Sukar da ake yi

Ya ku masu sauraro, kada daɗin labari ya sa mu manta da ɗaya gefen. Leƙen talakawa tsohuwar ɗabi'a ce ta masu hali. Tun a shekarun 1880 attajiran Landan kan shiga unguwannin gabashin birnin domin su ga yadda matalauta ke rayuwa, su sami abin hira a wajen liyafa. A zamaninmu an yi irin wannan a Rio, da Soweto ta Afirka ta Kudu, da Kibera ta birnin Nairobi. A 2010 wani ɗan Kibera mai suna Kennedy Odede ya rubuta a jaridar New York Times yadda, yana saurayi yana wanke kwanuka a ƙofar ɗakinsu, wata baƙuwa ta ɗauke shi hoto ba tare da ta ce masa uffan ba, ya ji kamar dabba ce shi a keji. Hujjarsa ita ce baƙo yana tafiya da hoto, ɗan unguwa kuma ya rasa wani abu na mutuncinsa.

A Indiya ma an ji wannan zafi. Fim ɗin Slumdog Millionaire na 2008, wanda ya ci kyautar Oscar guda 8 a 2009, ya ƙara yawan masu son ganin Dharavi, amma wasu mazauna irin waɗannan unguwanni sun yi zanga-zanga a kan kalmar kare da ke cikin sunansa. A 2019 kuma masu amfani da TripAdvisor suka fifita yawon Dharavi a kan ziyarar Taj Mahal cikin abubuwan da baƙo zai yi a Indiya, abin da ya sa Indiyawa da dama suka tambayi abin da ainihi ake sayarwa.

Akwai suka ta biyu wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. Domin gudun a ce suna tallar talauci, wasu 'yan jagora sukan zarce zuwa ɗaya ƙarshen, su nuna wa baƙo cewa kowa a nan yana cikin farin ciki da wadatar zuci. Alhali mai narkar da alminiyam yana shaƙar hayaƙin ba tare da abin rufe hanci ba, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan a cikin shagon suke kwana, kusa da injin, domin su tara abin aika wa iyali a ƙauye. Yawancin gidaje ba su da makewayi, sai na haɗaka da ake bin layi. Damina na shigar da ruwan kwata cikin ɗakuna, tarin fuka kuma yana yaɗuwa inda iska ba ta zagayawa. Bugu da ƙari, sana'o'in fata da shara ba zaɓi ne ya kai mafi yawan masu yin su gare su ba. Tsarin bambancin asali na Indiya ne ya ɗora su a kan mutanen da ake kira Dalit da kuma talakawan Musulmi, kuma duk da kundin tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓa wani saboda asalinsa, tabon bai gushe ba. Baƙon da aka ɓoye wa wannan zai koma gida hankalinsa kwance, hukumar da ta gaza samar da ruwa da magudana kuma ta sami mai wanke ta kyauta.

Ma'aunin da za a auna da shi

To, mene ne zai raba yawon kirki da na cin mutunci? Ina ganin tambayoyi huɗu sun isa. Ta farko, wane ne ɗan jagora? Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka haifa a lungu, wanda zai dawo ya haɗa ido da maƙwabtansa da yamma, ba zai yarda a wulaƙanta su a gabansa ba. Ta biyu, ina kuɗin ke zuwa, kuma ana iya ganin lissafinsa a rubuce? Ta uku, an nemi yardar waɗanda ake shiga shagunansu, kuma an hana kyamara inda ba a so? Ta huɗu, ana faɗin gaskiya gaba ɗayanta, wato gwanintar da kuma wahalar?

Ko an cika waɗannan duka, kada a ɗauka yawon buɗe ido ne ke ciyar da unguwar. 'Yan jagora ƙalilan ne in aka gwada da dubban ɗaruruwan mazauna. Shekarar 2020 ta nuna haka sarai. Da annobar korona ta zo baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, amma abin da ya girgiza mutane shi ne rufe shaguna da tsayar da jiragen ƙasa, wanda ya sa ma'aikata da yawa suka koma ƙauyukansu, sana'ar dabbawala kuma ta ragu ƙwarai. An yi fargabar cutar za ta yi ɓarna marar iyaka a Dharavi saboda cunkoso, amma likitocin unguwar da ma'aikatan hukuma suka bi gida-gida suna gwaji, har a watan Yulin shekarar shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya ambaci Dharavi cikin wuraren da suka shawo kanta. Babbar ribar yawon ita ce sauya yadda ake kallon wurin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda dalilin da zan kawo yanzu.

Makomar Dharavi

Na ce ku riƙe cewa Dharavi tana maƙwabtaka da unguwar bankuna. Filin da take kai yana cikin mafi tsada a ƙasar. Tun 2004 gwamnatin jihar Maharashtra ta amince da shirin rushe ta a gina dogayen benaye, amma aka yi ta jan ƙafa. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Adani ya ci kwangilar da tayin rupi biliyan 50 da ɗoriya, a 2024 kuma aka fara ƙidayar gidaje domin tantance waɗanda suka cancanta. Bisa tsarin da aka bayyana, wanda ke zaune a ƙasan gini tun kafin shekarar 2000 zai sami gida kyauta mai murabba'in ƙafa 350 a cikin Dharavi. 'Yan haya da ke saman bene da waɗanda suka zo daga baya kuwa za a kai su wasu wurare, kuma cikin filayen da aka ware har da wani ɓangare na jujin Deonar. A watan Disamban 2023 dubban mutane suka yi jerin gwano suna adawa da yadda aka ba da aikin.

Adalci ne a faɗi cewa mazauna da yawa suna son gida mai famfo da makewayi, kuma babu mai hankalin da zai ce su dauwama cikin lungun da rana ba ta shiga domin baƙi su sami abin kallo. Amma tambayar da magini ke yi tana nan: ina zai sa matoyarsa a saman bene? Ina mai papad za ta yi shanya? A Dharavi ɗakin kwana da shago da kasuwa a haɗe suke, in aka raba su an ba mutum rufi an karɓe masa abinci. An ga irin wannan a Delhi, inda a 2017 aka rushe Kathputli Colony, unguwar masu wasan 'yar tsana da 'yan dabo da makaɗa wadda ita ma baƙi ke ziyarta, iyalai suka yi shekaru a matsugunin wucin gadi suna jiran gidajen da aka yi musu alkawari.

Nan ne amfanin yawon ke fitowa. Wurin da jama'a suka sani da sunan juji, rushe shi ba ya tayar wa kowa da hankali. Wurin da dubban mutane na ciki da wajen ƙasa suka taka da ƙafarsu, suka ga ana juya sharar birni tana komawa dukiya, dole mai rushe shi ya yi bayanin inda zai kai sana'o'in. Wannan shi ne abin da marigayi Jockin Arputham, jagoran ƙungiyar mazauna irin waɗannan unguwanni wanda ya rasu a 2018, ya shafe rayuwarsa yana nema, wato a zauna da mutane a ƙidaya su da sana'o'insu kafin a zana taswira a kansu.

Kammalawa

Mai girma Shugaban Taro, a taƙaice ra'ayina shi ne wannan yawo ya cancanci a yi shi, bisa sharuɗɗan da na lissafa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya ga yadda ake wanke kayan birni da ciyar da ma'aikatansa da kwashe shararsa ba zai sake raina masu yin waɗannan ayyuka ba. Ga duk wanda hanya ta kai shi Mumbai ko Delhi ko Kolkata a cikinmu, shawarata ita ce ya ware safiya ɗaya, ya nemi ɗan jagora ɗan unguwa, ya tambayi inda kuɗinsa za su, ya bar kyamara a aljihu. Ya gai da mutane kafin ya leƙa shagonsu, ya kauce wa mai ɗauke da kaya, in ya ga abin da yake so ya saya daga hannun wanda ya yi shi ba tare da ya matse shi a ciniki ba. Ya kuma tambayi ɗan jagoran abin da mutanen wurin ke so a yi da unguwarsu, domin amsar tana bakinsu.